Na'urar CPAP ko Robar Baki: Wacce Ta Fi wa Mai Minshari?

Ba kowane minshari ne cuta ba. Wanda ake tsoro shi ne wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa daƙiƙa 10 ko fiye, saboda naman maƙogwaro ya saki ya toshe hanyar iska. Ƙiba da kaurin wuya suna ƙara ta'azzara shi. Idan gwajin barci ya nuna ɗaukewar ta kai sau 30 a awa ɗaya, abin ya yi tsanani.

A irin wannan hali, ni dai ban ga na biyun CPAP ba. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Na'ura ce mai hura iska ta takunkumin hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe har asuba, kuma minsharin kan ɗauke tun daren farko. Sai dai tana da tsada, tana busar da hanci, ga son wuta dare guda cur. A garin da lantarki ke zuwa yana tafiya, dole a tanadi batir ko sola. Da yawa kan gaji da takunkumin su jingine ta.

Robar baki kuwa, wadda ake sawa a kan haƙora a kwana da ita, likitan haƙori ke auna ta, aikinta turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan. Ba ruwanta da wuta, aljihu ma ya ishe ta a tafiya. Ta fi dacewa da wanda nasa bai kai sau 30 ba. Takan sa ciwon muƙamuƙi, ta gusar da haƙora a hankali, kuma wanda haƙoransa suka zube ba ta zauna masa.