Equilab ta raba mana gardamar takwas biyu a fada

Mu a fadarmu ta Yantala nan Yamai in an gama isha'i muna buga Texas Hold'em, wani nau'in wasan karta na poker da ake raba wa kowa karta biyu, mu shida, ba kuɗi a ciki wallahi, jeton na roba ne kawai, wanda ya fara ƙarewa shi ke hura gawayin shayi. Ranar nan aka raba mini takwas biyu, yayanmu da ke zaune daf da bulaind, wato masu zubin dole kafin a raba karta, shi ne na farkon magana ya yi relans, wato ya ɗaga zubi zuwa 300. Ni kuma jini ya hau, na tura tapi, wato jeton ɗina gaba ɗaya. Ya juyo Q biyu yana murmushi. "Ƙanena, wanda ya ɗaga daga wannan kujera ba wasa ya zo ba."

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na sauko da Equilab a kwamfutar ƙanwata. Manhajar lissafin poker ce ta kyauta, ta shafin PokerStrategy, a Windows take aiki, ba ta waya ba ce. Kana sa kartarka, ka zaɓi hannuwan da kake zaton abokin wasanka zai iya riƙewa a wani allo mai gida-gida, ka danna, ta fito maka da damar cinka, kaso cikin ɗari, nan take.

Abin da na gani ya sanyaya mini jiki. Takwas biyu da A K kusan 55 ne da 45, wato kana gaba amma da ƙyar, in kuwa ya riƙe per, wato karta biyu iri ɗaya, da ta fi taka kamar Q biyu ko K biyu to ka sauko wajen 20 cikin 100, kuma mutumin da ya ɗaga tun farko alhali mutum biyar na bayansa ba su yi magana ba, yawanci hannu mai ƙarfi ne a wurinsa. Tapin nan nawa A K kaɗai nake fata.

Sai na zauna da biro na yi sauran lissafin da kaina. Takwas ta uku tana fitowa a fulop, wato karta ukun farko da ake buɗewa a tsakiya, kusan sau 12 cikin 100, sau ɗaya cikin takwas da ɗan abu. Kartar da ta fi takwas kuwa tana faɗowa kusan sau 87 cikin 100, ka ga mafi yawan lokaci ido kawai za ka zuba. Don haka yanzu bi nake yi kawai, wato in zuba daidai abin da ya zuba, in dukanmu muna da jeton kamar ninki 15 na relans ɗin a gaba, wato 4,500 a kan 300. Takwas ta ukun ta fito, na ci shi sosai. Ba ta fito ba ya sake zubawa, na kwanta, wato na ajiye kartata.

Equilab ba za ta ce maka bi ko ajiye ba fa, lamba take bayarwa, kuma in ka cika allon da hannuwan da yayan ba ya taɓa ɗagawa da su, lambar ma ba ta da amfani. Ni dai na ji daɗinta ƙwarai, jiya har na kai kwamfutar fada muka duba tara biyu tare.