Asibitin da aka fara saurarona kan lalurar otizim ta ɗana Abba, tauraro 4 na ba su

Wata shida kenan muna zuwa wurin nan, zuwa 5 muka yi, to yanzu ina ganin na isa in faɗi abin da idona ya gani. Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a cikin Kano, yara masu jinkirin magana da lalurar ƙwaƙwalwa suke gani. Ba zan kama suna ba don akwai inda zan taɓa su, kuma ni ban zo tona asirin kowa ba. Mu daga wani ƙauye muke a ƙasar Ringim, ni malamar firamare ce, maigidana kuma noma yake, in kaka ta yi ya ɗan taɓa harkar riɗi.

Abba shi ne na uku a wurina, sunan surukina gare shi shi ya sa muke ce masa haka, yanzu shekararsa 4 da wata 7. Tun yana shekara ɗaya da rabi jikina ya ba ni akwai wani abu. Yaron da ya fara cewa Mama, yana cewa "uwa" in yana son ruwa, kawai sai bakin ya ɗauke ɗif kamar an kashe rediyo. Ki kira sunansa sau goma ba zai waiwayo ba, amma a buɗe ledar biskit a ɗaya ɗakin sai ki gan shi a kanki. Ba ya nuna abu da yatsa, hannuna zai ja ya ɗora a kan randa kamar hannun nawa moɗa ce. Murafen lemo zai jera tun daga bakin ƙofa har gindin turmi, in yayarsa ta taɓa ɗaya ranar gidan ba zaman lafiya. In aka tada injin niƙa na maƙota ya toshe kunne yana ihu yana buga kai da bango. Abinci kuwa taliya ce da shayi da burodi, tuwo ko kallo bai ishe shi ba.

Kafin mu samu wurin nan likitoci 3 na gani, kuma sai na faɗi nasu kafin a gane me ya sa nake yabon wannan.

Na farko ko ɗago kai bai yi daga kan katin ba, yace Hajiya ai namiji ne, maza ba sa saurin baki, ya rubuta mana maganin tsutsa da na ƙarin jini. Na biyu yace kin cika ba shi waya ne, wallahi sai da na kusa dariya, mu da rabonmu da wutar nefa mun manta, wayar ma a shago ake yi mata caji, wace waya zan ba yaro ya wuni da ita. Na ukun shi ne har yau in na tuna raina yake ɓaci. Lokacin na ɗan yi karance-karance a intanet, na kuma ji wani shiri a rediyo, sai nace likita anya ba otizim ba ne, wannan da ake cewa galahanga? Ya ajiye biro ya kalle ni yace "ke likita ce? In kin san cutar me ya kawo ki?" Sai ya juya wurin Baban Abba yana yi masa bayani wai mata akwai su da sa wa kai damuwa, kamar ni ba na ɗakin, ni da nake kwana a zaune da yaron.

Ban ce duk laifinsu ba ne fa. Na ga layin da idona, damina ce ga zazzaɓin cizon sauro, ga yara suna jijjiga ana shigowa da su a hannu, ga masu tamowa, likita ɗaya tal, to yaron da yake gudu da ƙafarsa jikinsa ba zafi ai a idonsa lafiyayye ne. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba, "ban san wannan ba, ku je wuri kaza" ko minti ɗaya ba za ta ci ba, kuma ba a sayenta. Rashin wannan maganar shekara 2 da rabi ya ci mana.

A gida kuma kowa likita ne. Inna, wato uwar mijina, tace shafar aljanu ce don na taɓa fita da shi da magariba, aka yi ruƙiyya aka sha rubutu aka yi hayaƙi har yaron ya dinga tari. Wata tace a kai shi wurin wanzami a yanke tantanin ƙarƙashin harshe, nan ne na tubure nace sai dai a yanka ni. Wani ƙanin mijina yace allurar rigakafi ce, dama kun san mutanenmu tun rigimar foliyo ta 2003 ba a gama sakin jiki da allura ba.

Wata abokiyar aikina ce da ɗan yayarta yake da irin wannan ta yi mana kwatancen wurin. Ranar farko na tafi da shirin faɗa, na haɗa maganganun da zan mayar in aka raina min hankali, sai ga shi ban yi amfani da ko ɗaya ba. Likitar mace ce, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa kan kafet daidai tsayin Abba, tace Maman Abba ba ni labarinsa tun daga ciki. Ni fa ba a taɓa yi min wannan tambayar ba. Ta tambayi yadda na yi goyon ciki, a gida na haihu ko a asibiti, ya yi kuka da ya faɗo, ya yi shawara, ya taɓa sanƙarau ko jijjiga, akwai wanda ya yi jinkirin magana a dangi. Na fito da littafin da nake rubuta abubuwansa, irin mai shafi 40 ɗin nan na 'yan makaranta, ta karɓa ta karanta da gaske ba wai ta buɗa ta rufe ba. Bidiyoyin da na ɗauka a waya ma duk ta kalla, na jera murafe da na ranar injin niƙa, har tace in maimaita mata ɗaya. Ta kira sunansa ta baya, ta hura kumfa tana kallon ko zai juyo ya kalle ta ya nemi ƙari, ta nuna fanka da yatsa ta ga ko zai bi yatsan da ido. Na duba agogo, minti 50 muka yi a ciki.

Kuma ba ta yanke hukunci a ranar ba, tace sai an tabbatar kunnensa yana ji, ta ba mu takarda zuwa Asibitin Malam Aminu Kano aka yi gwajin ji, kunne lafiya lau. A zuwa na biyu ta zaunar da mu har da Inna, don da gangan na ja ta muka tafi, tace otizim ne. Ta faɗa mana ba a ganinsa a gwajin jini ko a hoton kai, da ɗabi'ar yaro da tarihinsa ake gane shi, shi ya sa abin da uwa ta gani shi ne rabin aikin. Tace ba shi da maganin da za a sha a warke, duk wanda yace yana da shi kuɗinku yake so, amma koyarwa tana canza abubuwa sosai musamman in an fara da wuri. Tace ba laifina ba ne, ba fitar magariba ba ce, ba allura ba ce, maganar allurar ma daga wani bincike ne da aka buga a Ingila a 1998 aka gano ba gaskiya a ciki aka janye shi a 2010, mai binciken ma aka ƙwace lasisinsa. Yadda ta bi da Inna ya burge ni, ba ta ce mata kin yi jahilci ba, cewa ta yi Inna addu'a ku ci gaba da ita dukkanmu muna buƙata, hayaƙin dai a bari don ƙirjinsa, kuma kar a dake shi don ba taurin kai yake ba. Inna har gida tana cewa yarinyar nan ta san girman mutane.

Abu ɗaya ya sa ni kuka a wurin. Ta nuna min wata takarda sunanta M-CHAT-R, tambayoyi 20 ne kacal na e ko a'a da ake yi wa iyayen yaro ɗan wata 16 zuwa 30, yana nuna abu da yatsa, yana amsa sunansa, yana kawo miki abu don ki gani, irin waɗannan. Tace Abba ya wuce shekarunta. Ni kuma yana wata 18 na fara kai ƙorafi. Takarda ɗaya fa, ko nas za ta iya karanto ta ranar awo.

Tace Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a maza. Tun daga ranar nake kallon ajina daban, na tuna wani yaro da muka yi shekarun baya da ba ya zama a benci sai ƙarƙashinsa, muna ce masa dolo, ni ma na faɗa da bakina, Allah ya yafe mana.

Akwai kuma wani matashi a wurin mai koyar da magana, shi ne yake aikin yau da gobe. Gaskiya ni yake koyarwa ba Abba ba, yace Anti ke kike tare da shi kullum, ni awa ɗaya nake ganinsa a wata. Ya koya min in riƙe kofin ruwa kusa da fuskata in jira, kar in yi saurin ba shi, in faɗi kalma ɗaya tak ba dogon zance ba, in manna hotunan abinci da bayi da tabarma a bango ya dinga taɓawa. Yanzu Abba yana nuna abu da yatsa, yana da kalmomi 7, "ruwa" ta dawo, kuma ya rage buga kai tunda muka gane mu dinga shigar da shi ɗaki kafin a tada injin, maƙocin ma yanzu aiko yaro yake ya faɗa mana. Tuwo dai har yau a'a. Kar wata ta karanta wannan ta ɗauka zuwa biyu yaro zai fara karatun Fatiha, ba haka ba ne.

To ga inda tauraro ɗaya ya maƙale. Kuɗi na farko. Ganin farko 15,000, na baya 8,000 duk zuwa. Ki haɗa da mashin daga ƙauye zuwa Ringim, mota ta Gezawa zuwa tashar Yankaba kuma kujera 2 nake biya don Abba ba ya jure a matse shi, sannan adaidaita shata don ba ya yarda a cika, zuwa da dawowa da ɗan abin taɓawa 30,000 take tashi ko kusa da haka. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 ai kuɗin mota ya fi na likita ciwo. Ni mai albashi kenan ina nishi, ina ga matar da sai ta sayar da akuya. Na tambaye su ko za su dinga zuwa Dutse ko Ringim ko da sau ɗaya a wata 3, aka ce ana tunani.

Na biyu lokaci. A ce miki ƙarfe 9 ki baro gida da asuba, ba za a gan ki ba sai kusan azahar, kuma ɗakin jiran akwai talabijin a ƙure ga janareto a bayan taga, a wurin da suka fi kowa sanin yaran nan ba sa son ƙara, wannan ya ɗaure min kai. Ranar da Abba ya birkice a wurin yarinyar da ke kan kati tace min "baiwar Allah ki kama ɗanki mana", a nan ma fa. Sau ɗaya kuma muka zo likitar ta yi tafiya ba wanda ya kira mu alhali lambata tana fayil, wanda ya zauna a madadinta minti 5 bai cika ba ya rubuta wani magani wai shi risperidone don na ce yaron ba ya barci. Nace likita mene ne wannan, mene ne illarsa, yace ki dai ba shi. Ban saya ba. Da ta dawo na nuna mata tace maganin yana da ranarsa, ana ba yaran da suke ji wa kansu ciwo sosai, amma yana sa ƙiba da kasala kuma Abba bai kai nan ba, ta ba ni haƙuri. Kenan a gida ɗaya ma ya danganta da wanda kika tarar, in za ki je ki kira ki tabbatar tana nan.

Takardun aikin gida da suke bayarwa ma duk da Turanci ne, ni na iya karantawa, Baban Abba fa? Inna fa? Kayan wasan da aka zana a ciki kuma na yaran birni ne, ni da gwangwanin madara da wake da yashi a faranti na maye su, mai koyarwar ya gani a bidiyo yace hakan ma ya yi.

Wadda take fama da likitan da ba ya saurara, abin da ya yi min aiki shi ne littafin nan da bidiyo, don yaro ba zai yi abin a gaban likita cikin minti 3 ba, amma waya ba a musu da ita. Kar ki ce "ina ganin kamar", ki ce tun wata kaza ya daina kaza. In ya ƙi, ki ce to likita a rubuta min takardar turawa wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, ki tsaya a kan wannan ɗin kawai, ba sai an yi cacar baki ba. In mijinki zai bi ki ya bi ki, abin haushi ne amma na lura in namiji ya maimaita maganar da kika gama faɗa sai a ji ta.

Watan jiya Abba ya yi zazzaɓi na kai shi asibitinmu na kusa, sai na faɗa hannun likita na ukun nan, mai "ke likita ce". Bai gane ni ba. Na miƙa masa takardar sakamakon tare da katin nace a bi shi a hankali wurin allura don ga lalurarsa. Ya karanta har ƙasa ya yi shiru, yace Allah ya ba shi lafiya, sai da muka kai bakin ƙofa ya kira ni yace Malama ina ne wurin nan, akwai wata mata da take ta kawo min yaro irin wannan. Na ari bironsa na rubuta masa kwatancen a bayan wata takardar magani, har da ranakun da likitar take zama.