Sayen gida a ƙauyen Ingila: na jinka, na dutse, ko tsohon gidan hayar gwamnati?

Duk wanda ya buɗe shafukan tallar gidaje irin su Rightmove ko Zoopla yana neman gida a ƙauyen Ingila, hoton da ke fara ɗaukar idonsa kusan ɗaya ne: ɗan gida fari fat mai rufin jinka, furanni sun lulluɓe ƙofa. Dillalai sun san haka, shi ya sa suke tura shi gaba. Amma mai niyyar zama da iyali, kamar likita ko malamin jami'a da ya gaji da hayar birni, gidaje iri huɗu ko biyar zai tarar a kasuwa, kuma abin da ya bambanta su yana cikin bango, da ƙarƙashin ƙasa, da cikin takardu.

Gidan jinka kyan ɗan maciji gare shi. An fi samunsa a yankunan Devon da Dorset da Suffolk da Norfolk, kuma jinkar iri uku ce. Ta karan fadama ta fi ƙarko, takan yi shekara 30 zuwa 40. Ta karan alkama da aka taje ba ta kai haka ba, ta doguwar ciyawar alkama kuwa da wuya ta wuce 25. Ko wacce ce, ƙoƙuwar rufin sai an sabunta ta duk bayan shekara 10 zuwa 15. Sake jinka gaba ɗaya aikin dubun-dubatar fam ne, masu sana'ar ba su da yawa, sai ka bi layi. Sannan ga gobara. Yawancin gobarar irin waɗannan gidaje daga bututun hayaƙin murhun itace take tashi, don haka kamfanin inshora zai tsawwala kuɗi, ya kuma gindaya sharuɗɗa: a riƙa share bututun a kan kari da takardar shaida, a duba wayoyin lantarki. Ranar da wuta ta tashi babu waɗannan takardu, suna iya ƙin biya.

Yawancin gidajen jinkar Devon ginin ƙasa ne, jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, irin dai ginin da muka sani a tsoffin unguwannin Kano da Zariya, kuma ciwonsu ɗaya: ruwa. Bangon ƙasa yana son yaɓen farar ƙasa, wanda danshi ke iya fita ta cikinsa. Idan wani mai gida a baya ya yaɓe shi da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, bangon zai riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje sumul, har wata rana ya zube. Ƙwanƙwasa yaɓen da hannu. Inda ya yi ƙarar gwangwani, ya rabu da bango.

Yawancin gidajen nan suna cikin kundin gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke riƙe da shi, mafi yawansu a mataki na 2. Dokar 1990 ta mayar da taɓa irin wannan gini ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Canza taga, rushe bangon ciki, cire tsohon murhu, duk sai da izinin ƙaramar hukuma. Abin da ya fi ci wa masu saye tuwo a ƙwarya shi ne, gyaran da mai gidan farko ya yi babu izini, kai da ka saya za a iya tilasta wa ka mayar da shi yadda yake, ko da an yi shekara ashirin.

Gidan dutse na yankin Cotswolds, irin na Bibury da Castle Combe, yana da wannan matsalar ta izini, ga sanyi, ga tsadar da mutanen Landan masu gidan hutu suka jawo, ga 'yan yawon buɗe ido suna leƙen tagarka. Rumbun gona da aka mayar gida kuwa falo ne ƙato da ba ya ɗumama. Sababbin rukunin gidaje na bakin gari ba su da laifi, sai dai filin baya ɗan mitsitsi ne, kuma sau da yawa akwai kuɗin kula da unguwa na shekara-shekara da wani kamfani ke ƙarawa yadda ya ga dama.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa: tsohon gidan gwamnati na jan bulo. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, dokar gidaje ta 1919, wadda ake kira da sunan ministan lafiya Christopher Addison, ta sa ƙananan hukumomi gina wa talakawa gidaje, aka ci gaba har bayan yaƙi na biyu. Shi ya sa da wuya ka shiga ƙauyen Ingila ba ka ga jerin gidaje shida ko takwas a bakin hanya ba, biyu-biyu manne da juna, da rufin tayil. Daga 1980, zamanin Margaret Thatcher, aka ba masu haya damar saye, yanzu da yawansu suna hannun jama'a.

Dalilan fifita shi a bayyane suke. An gina shi ne domin leburan gona mai iyali, saboda haka yawanci ɗakin kwana uku ne, da fili mai tsawo a baya wanda aka tanada don noman dankali da kiwon kaji. Ba za ka samu irin wannan fili a sabon gida mai kuɗi ɗaya da shi ba. Bangon waɗanda aka gina daga shekarun 1930 galibi ruɓi biyu ne da rata a tsakani, ruwan sama ba ya ratsawa zuwa ciki, kuma ana iya cusa abin riƙe ɗumi a ratar. Ka duba jerin bulon: idan duka a kwance suke ta tsawo, alama ce ta bango mai rata, idan kuma ana ganin kawunan bulo a tsakani, bangon cushe yake. Kowane magini na yankin ya san aikinsa, kayan gyaransa suna kowane shago, banki ba ya jan ƙafa wajen ba da lamuni, inshora ta yau da kullum ce. Kuma da yake ba ya cikin kundin tarihi, kana iya canza taga ko faɗaɗa kicin ba tare da dogon turanci ba, in dai ƙauyen bai shiga yankunan da aka keɓe don adana kamanninsu ba. Maƙwabtanka ma mutanen gari ne masu kwana a nan duk shekara, su ne za su gaya maka wace hanya ce ke cika da ruwa a watan Janairu.

Shi ma yana da tarkonsa guda uku. Na farko, ba duka ne na bulo ba. Bayan 1945 an gina dubban gidaje da falankin kankare, sanannen cikinsu shi ne samfurin Airey, wanda ya yawaita a ƙauyuka. Za ka gane shi da falankan da suka hau kan juna a kwance. Ƙarfen cikin ginshiƙansa yana tsatsa, dokar 1984 ta sa shi cikin gidaje masu aibi, kuma yawancin bankuna ba sa ba da lamuni a kansa sai an yi cikakken gyara da takardar shaida. Wasu an lulluɓe su da bulo daga waje, don haka tambayi safiyo, wato mai binciken lafiyar gini, kai tsaye. Na biyu, sashe na 157 na dokar gidaje ta 1985 ya ba wasu hukumomin karkara damar sa sharaɗin cewa sai wanda ya zauna ko ya yi aiki a yankin na shekara uku ne zai iya saye. A Devon wannan ya zama ruwan dare. Na uku, asbestos, wanda ba a gama haramta shi ba sai 1999. Yakan kasance a rufin gareji da silin. In ba a fasa shi ba ba ya cutarwa, amma kada ka sa wani ya huda ko ya kankare kafin a gwada.

Ko wane iri ka zaɓa, tambayar farko ita ce: ina ruwan ban-ɗaki yake zuwa? Gidaje da yawa a karkara ba su haɗe da babbar magudanar gari, tankin masai gare su a cikin fili. Ƙa'idar hukumar kula da muhalli, Environment Agency, ba ta yarda tankin ya riƙa zubar da ruwansa kai tsaye cikin rafi ko lambatu ba. Sai an sauya shi da ƙaramar na'urar tace ruwa ko an yi masa filin tsotsewa, kuma aikin yakan kai fam dubu goma. Kada ka yarda da "lafiyarsa ƙalau" daga bakin mai gida. A buɗe murfin a gabanka, a nuna maka rasidin kwashewa na bara, a sa kyamara cikin bututu. Ka lura da wurin da ciyawa ta fi kore da tsawo a filin, ko ƙasa ke nutsewa a ƙafa ko da rani. Idan tankin na haɗaka ne da maƙwabta, a ga rubutacciyar yarjejeniyar wanda ke biya.

Haka batun ɗumama gida. Ƙauyuka da yawa babu bututun gas, kananzir ake sayowa a zuba a tanki, kuma kamfanoni ba su cika kawo ƙasa da lita 500 ba. Tankin roba mai bango ɗaya da rana ta dafa yakan tsage, malalar kananzir cikin ƙasa kuwa tsaftace ta ya fi sabon tanki tsada nesa ba kusa ba. Nemi mai bango biyu da takardar ma'aikaci mai rajistar OFTEC, ƙungiyar da ke tantance masu wannan aiki, ka kuma sa masa kwaɗo, don ɓarayin kananzir suna yawo da hunturu. Sai ambaliya: a hunturun 2013 zuwa 2014 ƙauyen Muchelney a Somerset ya yi makonni sai da kwale-kwale ake shigarsa. Taswirar ambaliya kyauta ce a shafin gwamnati. Tsarin Flood Re da ke sauƙaƙa inshora bai shafi gidan da aka gina daga 2009 ba, wannan ma wani maki ne ga tsohon gida.

Yanzu ga inda kuɗi suka fi salwanta. A Ingila, amincewa da tayinka ba ciniki ba ne. Har sai an yi musayar takardun yarjejeniya, mai gida na iya sayar wa wanda ya fi ka kuɗi. A ranar musayar ne ake biyan kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin ɗari, kuma lauyanka kaɗai ake ba. Duk wanda ya ce ka tura wani abu don ya "riƙe maka" tsohon gida kafin ka gan shi, ɗan damfara ne. Suna kwafar hotunan gidajen gaske su liƙa a Facebook da rabin kuɗi. Da fam 7 za ka sauke takardar mallaka daga shafin hukumar rajistar filaye, HM Land Registry, ka ga sunan mai gidan da sharuɗɗan da ke kansa. Ka shiga ta gov.uk, domin akwai shafukan da ke kwaikwayonsa suna cajin ninki.

Mafi muni ita ce damfarar imel. Ɓarayi sukan shiga akwatin imel ɗin mai saye ko na ofishin lauya, su yi shiru suna karanta komai, sai ana gab da biya, galibi ranar Juma'a da rana, su aiko da saƙo mai tambarin ofishin cewa an canza lambar asusu. Lauyoyi ba sa canza asusu ta imel. Karɓi lambar hannu da hannu ko a wasiƙar farko, ka kira su a lambar wayar da ka riga ka sani, ka fara tura fam ɗaya, su tabbatar ya shiga, sannan ka tura sauran. Shi kansa ofishin ka duba shi a rajistar hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, Solicitors Regulation Authority, don akwai masu aron sunan ofisoshin gaske.

Ga kuma masu sayar da fili, waɗanda suka fi farautar baƙi da mazauna ƙasashen waje. Sai su sayi gona a bakin ƙauye, su yanka ta fuloti-fuloti a takarda, su ce izinin gini na nan tafe. A Ingila mallakar fili ba ta ba ka ikon aza ko bulo ɗaya, kuma gonar da ke wajen iyakar gari da ƙyar take samun izini. Kusa da wannan akwai gida mai arahar ban mamaki wanda a ƙasan tallarsa aka rubuta cewa na masu aikin gona ne. Sharaɗin gaske ne, in ba noma kake yi ba hukuma na iya hana ka zama.

Masu "binciken danshi kyauta" su ma a yi hattara da su. Za su dafa na'ura a bango, ta yi ƙara, su rubuta maka aikin dubban fam na allurar sinadari, alhali sau da yawa indararo ne ya toshe ko ƙasar waje ta taru ta fi daɓen ciki tsawo. Haka masu fesa kumfa a ƙarƙashin rufi: tana ɓoye ruɓewar katako, kuma bankuna da yawa suna gudun gidan da aka yi wa. Leƙa saman silin da tocila kafin ka yi tayi. Kuɗin da bai kamata a yi ƙyashinsa ba shi ne na safiyo mai rajistar RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyo, bincike mataki na 3, wanda kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya haɗa ka da shi ba. Kimar da banki ke aikowa a yi, don amfanin banki ce kawai.

Sai haraji. Wanda bai cika kwana 183 a Birtaniya ba cikin shekarar da ta gabaci sayen, zai biya ƙarin kashi 2 a harajin sayen gida. Wanda kuma yake da wani gida a ko'ina a duniya, har da na Kaduna ko Maraɗi, in darajarsa ta kai fam 40,000, ƙarin kashi 5 na iya hawa kansa, kamar yadda aka ɗaga tun ƙarshen Oktoban 2024. Faɗa wa lauyanka wannan tun ranar farko. Idan kuma ta tsarin sayen gida marar kuɗin ruwa za ka bi, tambayi bankin irin ginin da yake karɓa kafin ka biya safiyo, sannan ka duba jadawalin bas na ƙauyen da nisan masallacin Juma'a mafi kusa, don akwai ƙauyukan da bas ba ya shiga ko sau ɗaya ranar Lahadi.