Sitiyarin tsere na kwamfuta: wanda zan ce ka saya, da yadda aka wanke ni a na farko

Tun ranar da na ɗora hoton kujerar tserena a sitatus nake shan tambaya, wane sitiyari ne wannan, a ina ake samu a Kaduna, wai shin da gaske yana ja da hannun mutum kamar mota, har ƙanen wani abokina ya taso takanas daga Kawo don ya gani da idonsa, ya zauna ya shiga kwanar farko ya daki katanga ya ce Yaya ai wannan ya fi mota wahala. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Ni dai ba zan ɓoye ba, idan kai sabon shiga ne kuma a garin nan kake, Logitech G29 zan ce ka saya, ko ƙanwarta G920. Ba don ta fi sauran ƙarfi ba, a'a ita ce ma kusan ta ƙarshe a ƙarfi, juyinta bai wuce Nm 2 da 'yan kai ba, Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa. Amma fa tun 2015 take kasuwa, ta cika duniya, shi ya sa ta hannu ba ta wahalar samu, kuma duk abin da ya same ta wani ya riga ya gyara irinsa ya ɗora a YouTube. A cikinta moto biyu ne ƙanana da haƙoran giya suke juya sitiyarin, ba bel ba fanka, babu wani abu mai shagwaɓa, abin da mai gyaran firinta ko rediyo zai buɗe ya gane ne. Tana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi kamar motar gaske, an naɗe ta da fata, kuma abin da ya fi burge ni tana zuwa da feda uku, totur da birki da kuloci, a kwali ɗaya. Da yawa daga cikin masu tsadar nan feda biyu za su ba ka, kulocin sai ka sake ciro kuɗi. Giyar hannu mai shida ita dabam ake sayar da ita, sunanta Driving Force Shifter, in kana son Euro Truck Simulator 2 ko wasan zamiya da mota to ka haɗa da ita, in tseren fili kawai za ka yi faya-fayan canza giya da ke bayan sitiyarin sun ishe ka.

Bambancin biyun kuwa, G29 ta kwamfuta ce da PlayStation, G920 ta kwamfuta da Xbox, a kwamfuta duk ɗaya suke tuƙuwa. Na fi son G29 saboda tana da fitilun nan da ke nuna lokacin canza giya da ƙarin maɓallai da jar ƙawanyar nan mai juyawa, sannan a Kaduna wa ke da Xbox? Ranar da za ka sayar, mai PlayStation ne zai zo. Akwai G923 ta 2020, kusan abu ɗaya ne an ƙara mata wata karkarwa da suke kira Trueforce, in bambancin kuɗin da yawa ka bar ta.

Aibunta ma zan faɗa. Tana da ƙara, in ka hau gefen kwalta sai ka ji kakakaf kamar ana markaɗe, tsakar dare mutanen gida za su san kana wasa. Akwai kuma ɗan wuri a tsakiya da take sakewa ba ka jin komai, sai ka ɗan murɗa kafin ta kama. Birkin da tauri, wata roba ce a ciki. Fedojin kuma irin ma'aunin nan ne mai gogayya kamar abin ƙara sautin tsohuwar rediyo, ƙura na shiga, ka san yadda hunturu yake mana daga Disamba zuwa Fabrairu, in ka bar su a buɗe za ka ga totur yana rawa shi kaɗai. Maganinsa ka riƙa lulluɓe su da tsohon zani in ka gama, in sun fara rawar ka buɗe ka fesa maganin wanke lantarki na gwangwani, ba man keke ba don Allah.

Sauran fa? Thrustmaster T300 RS da bel take aiki, ta fi laushi da ƙarfi, wajen Nm 3.9, digiri 1080, amma masu ita a duniya sun daɗe suna kukan tana rage ƙarfi in ta yi zafi, to mai ɗakin da babu sanyi a watan Afrilu sai ya yi lissafi da kansa. T128 da T248, su ma na Thrustmaster, ban ga abin da zai sa in bar G29 saboda su ba. Fanatec CSL DD kaya ce mai kyau, Nm 5, takan kai 8 in ka sayi babbar adafta, sai dai daga waje ake sayenta, in wani abu ya samu matsala mayar da ita Turai ya kusa kuɗin sabuwa.

Wadda kawai take sa ni haɗiyar yawu ita ce Moza R5. Ita irin waɗanda sitiyarin ke zaune kai tsaye a kan sandar moto ce, ba giya ba bel a tsakani, ana ce musu DD, Nm 5.5, shiru take kamar ba a kunna ba, kuma kana jin lokacin da tayar baya ta fara sulɓewa tun kafin idonka ya gani. In kuɗinka ya kai kuma ba ruwanka da PlayStation, don ba ta aiki da shi, to saya, ba zan hana ka ba. Ka dai sani feda biyu ne a ƙunshin, kuma teburin karatu na katako mara kauri ba zai riƙe ta ba, sannan ka kula da hannun yara don in ta kufce tana juyawa da kanta ba wasa.

Yanzu ga inda nake son ka natsu, don nan ne aka dafa ni. Sitiyarina na farko talla na gani a intanet, hoton G29 ne tas, mutumin ya ce yana Legas, ya ce ta Landan ce an ɗan yi amfani da ita, farashin ƙasa da na kowa, ya turo min bidiyo ma tana juyawa. Kuɗin da na kwashe wata huɗu ina tarawa na tura masa, ya ce ya saka a mota, bayan kwana biyu na je Mando na karɓo kwali an naɗe shi da salatif kamar gawa. Tun da na ɗaga na ji ba nauyi gabana ya faɗi. A cikin keke na farke, wani baƙin sitiyarin roba ne mara suna, wayar USB ɗaya tilo, ba adaftar wuta, in ka murɗa ka saki wata roba ce ke dawo da shi tsakiya, duk abin da yake yi karkarwa irin ta hannun gem. Na kira lambar a kashe, har yau a kashe take. Cinikin biri a sama na yi, ban da wanda zan kama.

Daga ranar na koyi abu ɗaya da ya fi komai sauƙi: sitiyarin da ke turjiya da gaske, wanda ake ce wa fos fidbak, dole yana da wutarsa dabam da za ka soka a bango. In USB kaɗai ne to karkarwa ce kawai, ko me aka rubuta a kwalin. Kuma ba duka ne jabu ba fa, PXN V9 misali kaya ce ta halak, tana kai digiri 900, har da giya da feda uku, amma karkarwa take yi ba turjiya ba, 'yan kasuwa ne ke lulluɓe maganar su ce maka ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne wallahi, ko kusa. Ga yaro mai son tuƙa tirela ba laifi, ga mai son koyon tsere asarar kuɗi ce.

In ta hannu za ka saya kar ka yarda da bidiyon da aka turo, ana sauke su daga intanet. Ka ce a kira ka ta bidiyo, ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye a gefe, ya soka wuta da USB a gabanka. G29 mai lafiya da an haɗa ta sai ta juya da kanta har ƙarshen ɓangare ɗaya, ta koma ɗayan, ta dawo ta tsaya a tsakiya. In ta tsaya a karkace, ko ta yi ta bugun gefe, ko ya ce ai babu wuta yanzu, ka yi masa sallama. In a gari ne kuma ka ɗauki laftof ɗinka ka je da kanka, da rana, wurin da jama'a suke, ka rubuta joy.cpl a Windows, zai buɗe maka inda za ka ga kowace feda, ka taka a hankali ka ga layin yana hawa sumul ko yana tsalle. Ka danna kowane maɓalli. Ka leƙa ƙasa ka duba maƙallan robar da ke kama tebur, suna yawan karyewa kuma mai sayarwa ba zai faɗa ba. Adaftar ma ka karanta jikinta, ta asali 24V ce 1.75A, sau da yawa ta ɓata sai su haɗa maka da cajar wani abu dabam, sitiyarin ya kunna amma ba ƙarfi, ko ya riƙa ɗaukewa ana tsakiyar tsere. Kayan da suka fito daga Amurka kuma, ko wane kamfani ne, ka duba ko an rubuta 100 zuwa 240, wasu na wutar 110 ne kawai, mu kuwa tamu 230 ce, sokawa ɗaya sai hayaƙi. Kuma kar wani ya sayar maka da G27 a kuɗin G29 yana cewa ai ita ce ta asali, G27 tsohon samfurin Logitech ce, ta girmi G29 da shekaru. Maganar a biya rabi kafin a saka a mota kuwa, ni yanzu ko kwabo, sai in akwai ɗan'uwa a can da zai je ya gani ya riƙe a hannunsa.

Abin da ya rage maka na kuɗi kar ka kai shi wurin ƙyale-ƙyale, sitabilaiza tukuna, in da hali da UPS, don wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ko janareto mai hawa da sauka su suka fi kashe kayan nan, ba tuƙi ba. Sai wurin zama. Kujerun da ake sayarwa daga waje na almuniyan kuɗin jigilarsu kaɗai ya isa ya sa ka fasa. Ni Panteka na je, na sayi kujerar tsohuwar 406 da layin da take zamewa gaba da baya, motar da a nan Kakuri aka riƙa haɗa ta ai kayanta ba sa wahala, na kai wa mai walda hoto a waya. Ya kalla ya ce Alhaji wannan keken guragu ne? Na ce Oga kai dai haɗa min. Da fayif mai kusurwa huɗu ya yi, kwana uku, kuma ba ta motsi ko kaɗan. Ka tafi da sitiyarin da fedojin a auna a gabanka, a ƙasansu akwai ramukan noti M6, a huda daidai nan, kuma kar a sa dogon noti ya shige ya taɓa kayan ciki. Gwiwarka ta ɗan lanƙwashe in ka take birki har ƙasa, wuyan hannunka ya kai saman sitiyari ba tare da bayanka ya bar kujera ba. Ni a karon farko na sa an yi nisa, sai da aka yanke aka sake.

Daga baya in ka ƙware, abin da za ka fara canzawa birki ne ba sitiyari ba. Akwai masu auna ƙarfin takawa maimakon nisan da fedar ta tafi, lod sel ake ce musu, irin Thrustmaster T-LCM mai ɗaukar har kilo 100, kuma daɗin kwamfuta kenan, ta USB za ka soka su su yi aiki tare da G29 ɗinka ba faɗa.

Wasa kuwa ka fara da Assetto Corsa na 2014, ya tsufa amma baya wahalar da kwamfuta kuma farashinsa yana karyewa sosai in Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, na rangwame. Ka sa masa ƙarin manhajojin nan biyu, Content Manager da Custom Shaders Patch, daga nan motoci da hanyoyin da mutane suka ƙera ba iyaka, har manyan titunan Tokyo na Shutoko. iRacing kuɗin wata-wata ne da dala kuma sai da intanet mai tsayawa, na wuce. A G HUB, manhajar Logitech ta saita sitiyarin, ka sa digiri 900, a cikin wasan ma 900, in suka saɓa sitiyarin allo da na hannunka ba za su tafi tare ba. Kar ka ƙure ƙarfin turjiya, in ya cika komai sai ya zama nauyi ɗaya ba ka bambance rami da kwana, ka rage har sai ka fara jin ƙananan abubuwa, sannan ka ɗan ɗaga mafi ƙarancin ƙarfi zuwa wajen kashi 10 don ya toshe sakewar nan ta tsakiya. Allon ka jawo shi kusa da bayan sitiyari, ka auna faɗinsa da nisan idonka ka saita faɗin gani da su, kwana biyun farko za ka ji kamar motar ba ta gudu, bayan nan kwanoni za su fara shigar maka daidai. Tsohuwar wayarka ma kar ka yar, ka sauke SimHub a kwamfuta ka haɗa su a wayfai ɗaya wayar ta zama allon gudu da giya, tawa fuskarta a fashe take, da robar daurin kuɗi biyu na ɗaure ta a bayan sitiyarin kuma har yanzu tana nan.