Tsohuwar Hilux ko Land Cruiser 80: wacce ta fi dacewa da jan tirelar gona?

Alhaji, ka ce kana da ƙaramar tirela mai taya biyu da mai walda ya haɗa maka a Daura, kana so ka riƙa ɗora mata buhun gero 20 daga gonarka ta Sandamu zuwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, in rani ya yi kuma ta ɗauki tankin ruwa na lita 2,000. Motoci biyu aka yi maka tayinsu, Hilux mai injin dizal 2.8 da Land Cruiser 80, duka na shekarun 1990, kana tambaya wacce za ta fi ja.

Ja kam, duk za su ja. Ko Hilux ɗin ka sa mata ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, za ta fizgi kayan nan daga cikin rairayi. Inda suka rabu shi ne wajen tsayawa, da kuma lokacin da tirela ta fara wutsil-wutsil a bayanka a kan kwalta.

Mu fara da lissafi. Buhu 20 mai kilo 100 tan 2 ke nan. Tirelar ƙarfe irin ta masu waldarmu, a ce ita kanta kilo 600 ce. Ka ga kana jan kilo 2,600. Ruwa ma haka: lita 1,000 tan ɗaya ce cif, don haka tankin nan da buhunan nan nauyinsu ɗaya. Hilux ta wancan zamanin ita kanta ba ta kai tan 2 ba, kuma abin da kamfani ya yarda ta ja yana tsakanin tan ɗaya da rabi zuwa tan 2 da 'yan kai, gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa motar. Wato abin da ke bayanta ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Ranar da akuya ta gitta maka wajen shiga gari ka taka birki, tirelar ce za ta tura gindin motar gefe, kai kana riƙe da sitiyari kawai. Land Cruiser 80 ta haura tan 2 ba kaya, ta fi faɗi, ta fi zama a ƙasa, kuma an yarda mata kilo 2,500 zuwa 3,500. A nan ta yi wa Hilux fintinkau.

Sai dai, ranka ya daɗe, waɗannan lambobin duk na tirela ce mai birkin kanta. Wadda ba ta da birki, iyakar da aka saba gindayawa a Turai da Ostareliya kilo 750 ne, har da nauyin tirelar, kuma wannan iyakar ba ta san Hilux ko Land Cruiser ba. Yawancin tirelolin da ake haɗawa a nan, aksil ɗin tsohuwar mota ake yankowa a ɗora wa bodi, ba a jona birkin da komai ba. In taka haka take, kuɗin da za ka fara kashewa na birkinta ne, kafin ma ka yi cinikin mota. Akwai irin wanda ke kama kansa idan tirela ta turo ƙugiyar da ta haɗa ta da mota, shi ya fi sauƙi don ba ya buƙatar waya daga mota. Kuma tan 2 da rabi a kan aksil ɗaya ya yi yawa, gara a mayar da ita mai taya huɗu.

Wajen inji, injin dizal na Land Cruiser, wanda ake kira 1HZ, lita 4.2 ne, silinda shida, ba turbo. Ba ya gudu, amma yana ja a hankali ba tare da ya galabaita ba. Na Hilux silinda huɗu ne, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, kuma da wannan lodin ƙafarka ba za ta bar totur ba tun daga Daura har Mai'adua. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, lagireto mai shekara 30 cike da laka, ka san inda maganar za ta ƙare: gaskit, ko top silinda ya tsage. Kuloch ma shi ke shan wahala wajen tashi. In Land Cruiser ɗin otomatik ce, sai a ƙara mata abin sanyaya man giya, kuma a kashe obadirayif, wato giyar gudu ta ƙarshe, in ana ja. In mai fetur ce 4.5, ƙarfi akwai, amma shan manta da lodi sai mai zuciya.

Hilux ta fi a aljihu. Ba ta shan mai sosai, kowane bakanike a Daura ya san cikinta, kayan gyaranta kuma in an rasa a Katsina ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Bayanta ma na kaya ne, tana ɗaukar buhu 7 ko 8 ba tare da tirela ba. Abu ɗaya, kada a bar ta a ogzilari a kan kwalta, don ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, sai giyar ta ɗaure.

Duk wadda ka saya, ka sunkuya ka leƙa inda aka ɗaura ƙugiya. Na ga wadda aka like a jikin bamba da walda ɗigo huɗu, tsatsa ta ci gefen, ana taɓawa tana motsi. A shasi ake ɗaure ta da manyan kusoshi, a ƙara sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan tirela, yadda ko ta kwance wuyan zai faɗa kan sarƙa, ba zai caki ƙasa ba. Lodi kuma a fi ba gaban taya, kamar kashi 60 cikin 100, yadda wajen kashi 10 na nauyin zai sauka a kan ƙugiya. Yaran lodi sun fi son jibgewa a baya don nan ne kusa da hannu, kuma wannan ne ke sa tirela rawa. In ta fara, kada ka danna birki, kada ka bi ta da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur ka miƙe hannu har ta lafa. Tankin ruwa ko dai a cika shi fal ko a bar shi wayam, domin rabin tanki yana tumbatsa gaba da baya, ka tsaya shi bai tsaya ba. Tayoyin tirela ka duba lambobi huɗun da ke gefensu, sati da shekarar da aka yi su ne. 'Yan Kwatano masu kyan zane da yawa sun haura shekara goma. Boris a sa masa giris, man birkin mota a sauya shi, fitilun baya su kama.

Don haka in buhu 20 ne a tafiya ɗaya, Land Cruiser mai dizal za ka ɗauka, da sharaɗin tirela ta samu birki da aksil na biyu, gudu kuma kada ya wuce 60 zuwa 70. In kuɗin bai kai nan ba, ka sayi Hilux, ka ɗora takwas a bayanta, ka yi sawu uku. Sandamu zuwa Mai'adua ba nisa ba ne, kana iya fara kaiwa tun ranar Asabar da yamma.