Na gwada Oink sati uku, tsohon hannu ne ya ci gasa

Jama'a masu aikin tantance manhaja ta hanyar lissafi, ga ra'ayina kan Oink, manhajar nan ta Tom van Dijk da ya fitar a 2018, kyauta ce a GitHub, da C++ aka rubuta ta. Aikinta ɗaya ne, warware wasan cika da mara. Eh kamar dai cika ko mara na yara, amma wannan mutum biyu ne suna tura tsakuwa daga gida zuwa gida ba ƙarewa, kowane gida da lambarsa, sai a duba babbar lambar da ta dinga maimaituwa har abada, in cika ce na farko ya ci, in mara ce na biyu. Tambayar ko manhaja za ta yi abun da aka ce ta yi har abada ana iya maida ita wannan wasan, shi yasa ake ta wahala a kai.

Wahalar kuma ba wasa bace wlh. Matsalar tana cikin NP kuma tana cikin co-NP, wato ko waye ya ci ana iya tabbatar da hujjar cikin sauri in an kawo ta, amma har yau ba wanda ya kawo hanyar warware ta a lokacin polinomiyal, wato lokacin da ba ya tashi fiye da ƙima in wasan ya girma. A 2017 wani masani Calude da abokansa huɗu suka kawo hanyar da ta kusa, duniyar masana ta ɗauka, ni ma da zumuɗina na zo nace bari in ga sabon yayi.

To anan Oink ta burge ni, don hanyoyi da yawa ta tara waje ɗaya, kana canza kalma ɗaya a layin umarni ka koma wata, fayil ɗin wasan kuma tsarin PGSolver ne, tsohuwar manhajar wannan aikin, ba sai ka sake komai ba. Na sa wasanni na a tsohuwar laftof ɗina, tsohuwar hanyar masani Zielonka ta 1998, wadda a takarda ake cewa lokacinta na iya ninkuwa ba iyaka, kafin in kurɓi shayi ta gama. Sababbin hanyoyin nan masu kyan suna a takarda kuwa na bar ɗaya tana juyi fanka na ihu har aka ɗauke wuta batir ya mutu, ban ga amsa ba. Ashe munanan wasannin da ke kayar da Zielonka sai an zauna an ƙera su da gangan, a aikin yau da kullum da wuya ka haɗu da su. Hanyar shi van Dijk ɗin ta koyon sarƙaƙiya ita ma tana gudu sosai, ita nake kunnawa in Zielonka ta fara nauyi.

Sai dai fa ba maballin dannawa, baƙin allo ne kawai, kuma sai ka haɗa ta da kanka da CMake, kayan aikin haɗa manhaja, in baka saba da Linux ba ka nemi wanda ya saba ya zauna kusa da kai ranar farko. Na ba Oink huɗu cikin biyar.