Sharhi kan manhajar nazarin Littafin Firistoci: tsarki, keɓewa da tuba

Akwai wata manhajar waya ta nazarin Littafi Mai Tsarki wadda ta ware jerin darussa a kan dokokin tsarki, keɓewa da tuba, kuma wannan jeri ne na bi daga farko har ƙarshe. Tsarinta ba shi da wuya: kowane darasi yana farawa da karatun nassi da murya, rubutun yana tafiya a fuskar waya tare da mai karatu, sa'an nan malami ya yi bayani, a ƙarshe a ba da tambayoyi. Ginshiƙin darussan shi ne Littafin Firistoci sura 11 zuwa 16, aka haɗa da Littafin Ƙidaya sura 12 da 19, da Zabura 51, da wasu wurare daga Bishara. Duk wanda ya taɓa ƙudura niyyar karance Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa ya san cewa a waɗannan surori ne gwiwar mutane da yawa take yin sanyi, don haka wanda ya ɗauki nauyin koyar da su ya cancanci a saurare shi da kyau.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda darussan farko suka raba ƙazantuwa ta ibada da zunubi, suka kuma kafa hujjar daga nassin kansa. Mace da ta haihu, bisa ga sura 12, takan ƙazantu kwana 7 idan namiji ne, ta ƙara kwana 33 na tsarkakewa, idan kuwa mace ce kwana 14 da ƙarin 66, alhali haihuwa albarka ce tun daga surar farko ta Farawa. Wanda ya taɓa gawa, bisa ga Ƙidaya 19, yakan ƙazantu kwana 7, a yayyafa masa ruwan tokar jar karsana a rana ta uku da ta bakwai, alhali dole ne wani ya binne mamaci. Malamin ya nuna cewa irin wannan ƙazantuwa aba ce da take samun kowa a rayuwa, tana da iyakar lokaci da hanyar fita, kuma laifi yana shigowa ne idan mutum ya ƙi tsarkake kansa ya kusanci wuri mai tsarki a haka. Ya kuma tuna wa mai sauraro cewa kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu da aka ambata a Luka 2:24, lokacin da aka kai jariri Yesu Haikali, su ne hadayar da sura 12 ta yarje wa wadda ba ta da halin ɗan rago.

Darasin sura 13 da 14, wanda yake magana a kan cutar fata, shi ne ya fi kowane armashi. An bi aikin firist mataki mataki: ya duba ko gashin wurin ya yi fari, ko tabon ya zarce fata zurfi, idan abin bai fito fili ba ya kulle mutumin kwana 7, ya sake dubawa, ya ƙara wasu 7 in da bukata. Sai bayan an tabbatar ne mutum zai yage tufafinsa, ya bar gashinsa a barkatai, ya rufe leɓensa na sama, yana shelar cewa shi marar tsarki ne, ya zauna shi kaɗai a bayan zangon Isra'ilawa. Manhajar ta yi gaskiya da ta bayyana cewa cutar da ake magana a kanta ba daidai take da kuturtar da likitoci suka sani a yau ba, wadda likita Hansen na ƙasar Norway ya gano ƙwayarta a 1873, tun da wannan ta Firistoci tana kama tufafi da bangon gida ma. Amma abin da na fi jin daɗinsa shi ne yadda aka tsaya a kan dawowa. Firist ne yake fita bayan zango ya sami wanda ya warke. A kawo tsuntsaye biyu masu rai, da itacen al'ul, da jan zare, da ɗaɗɗoya. A yanka ɗaya a cikin tukunyar ƙasa bisa ruwa mai gudu, a tsoma ɗayan a jinin, a yayyafa wa mutumin sau bakwai, a saki tsuntsun ya tashi cikin saura. A rana ta takwas a shafa jini da mai a kunnensa na dama, da babban yatsan hannun dama, da na ƙafar dama, wato wuraren da aka shafa wa Haruna da 'ya'yansa jini ranar keɓe su a sura 8. Ban taɓa jin an haɗa waɗannan surori biyu da kyau haka ba.

Matsalata tana darussan ƙarshe, inda aka shiga batun tuba. A nan malamin ya rushe da hannunsa abin da ya gina, domin ya mai da zaman bayan zango hoton mai zunubi da aka kora sai ya tuba, ya kuma yi magana kamar kowane mai wannan cuta yana da abin da zai furta. Hujjarsa ita ce Maryamu, 'yar'uwar Musa, wadda cutar ta kama aka fitar da ita bayan zango har kwana 7 saboda ta yi magana a kan ɗan'uwanta, da Gehazi baran annabi Elisha wanda shi ma cutar ta kama, da sarki Uzziya wanda ya shiga Haikali ƙona turare, cutar ta kama shi, ya ƙare rayuwarsa a gida dabam, ɗansa Yotam yana tafiyar da mulki. Gaskiya ne waɗannan uku hukunci ne ya same su, kuma nassi ya faɗi haka a fili. Sai dai sura 13 ba ta umarci firist ya tambayi kowa abin da ya aikata ba, fata yake dubawa kurum. Na'aman na Suriya, wanda shi ma yake da cutar, ba a ambaci wani laifinsa ba kafin ya nutsa sau bakwai a kogin Urdun, haka kuma masu cutar goma na Luka 17 ba a nemi su furta kome ba, aka ce su je su nuna kansu ga firistoci. Akwai hadayar zunubi da ta laifi a sura 14, wannan kuwa tambaya ce mai nauyi da ya kamata a zauna a kanta, musamman da yake mai jego ma takan kawo hadayar zunubi, amma darasin ya wuce ta da jimla guda. Ina tsoron marar lafiya da ya saurari wannan sashe zai fita da nauyin da nassi bai ɗora masa ba.

Da an gina batun tuba a kan sura 16 da ya fi ƙarfi, domin a can ne furci yake: a rana ta goma ga wata na bakwai babban firist yana ɗora hannuwansa biyu a kan bunsuru mai rai, ya furta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Darasin Zabura 51 ya ɗan gyara, inda aka nuna Dawuda yana aron ɗaɗɗoyar tsarkakewa don roƙon a wanke zuciyarsa, amma gajere ne ƙwarai.

Ta fuskar aiki, muryar mai karatu a bayyane take, ana iya sauke darussa a saurara ba tare da intanet ba, kuma zanen zango da Alfarwar Sujada a tsakiya yana taimakawa. Tambayoyin ƙarshen darasi kuwa na haddace lambobi ne kawai, ba sa sa mutum tunani. Ga mai shirin koyar da waɗannan surori, darussan sura 11 zuwa 15 sun isa a dogara da su, amma kafin ya kai sashen tuba ya kamata ya karanta Yohanna 9 da Littafin Ayuba da kansa, inda aka nuna cewa ba kowace cuta ce hukuncin zunubi ba, tun da manhajar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.